Gawayi Ya Ƙoshi

Tun kafin in kunna na'urar awo hancina ya riga ya ba ni labari. Ina buɗe ƙofar shingen waya da safen nan sai warin fetur ya tare ni, ɗan siriri, irin wanda mutum zai iya ɗora wa motar da ta wuce. Amma babu motar da ta wuce, kuma a cikin shingen nan bai kamata a ji warin komai ba. Hana shi fita shi ne aikina.

Wurin tsohon gidan mai ne, bango ɗaya ya raba shi da gidanmu. Da aka rufe shi aka tono tankunan da ke binne, sai aka tarar ɗaya ya huje ta gindi, ya daɗe yana yoyo ba wanda ya sani. Man ya jiƙa ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin bango har ya kai gindin ɗakunanmu. Kwashe ƙasar ba zai yiwu ba sai an rushe rabin layin, don haka kamfanin da aka ba aikin ya kakkafa bututai a cikin ƙasa, ya haɗa su da injin zuƙar iska. Injin ya zuƙo tururin man, ya tura shi cikin manyan ganguna biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowace cike da wani gawayi na musamman mai kama tururi. Iskar da ta rage sai ta fita ta wani dogon bututu, tsaf, ba wari. Ni aka ɗauka in kula da kayan, don na yi karatun abin, ga ni kuma a bakin wurin. 'Yan layinmu kuwa ba su ga karatu ba, sun dai ga mace tana yawo da na'ura tana cusa bakinta a ramuka, sai suka laƙaba mini Malama Shinshina. Har masu shago haka suke gaishe ni, ni kuma ina amsawa, to ya zan yi.

Gawayi shi ma yana ƙoshi. Gangar farko ta ƙoshi tun tsakiyar mako, na sani, na kuma sanar, aka ce mota na tafe da sabo. Ta biyun ce ke riƙe da mu, kuma bisa lissafi ya kamata ta daɗe tana riƙewa. Na sa bakin na'urar a mafitarta, inda kullum lambar ke kwance kusa da sifiri. Lambar ta tashi, ta ci gaba da tashi, na'urar ta fara ƙara. Na kashe ta na sake kunnawa, na kai ta can nesa ta sha iska mai kyau, na dawo na sake gwadawa. Ba ta canza magana ba. Na ɗora tafin hannuna a jikin gangar na ji ta da ɗumi, ga shi rana ba ta ma kai kanta ba tukuna.

Na ɗaga kai. Bakin dogon bututun yana daidai da benenmu, iskar safen kuma tana kaɗawa ta wajen tagar ɗakin matar yayana. A jikin ƙarfen tagar an shanya 'yan rigunan jariri. Jaririn bai cika wata ba.

Na kira Injiniya, shugabana a kamfanin, na faɗa masa lambar. Ya sa na sake faɗa.

"Ruwan ƙasa ne ya ja baya," in ji shi. "Zafin nan ya sa ya sauka. Ƙasar da man ya jiƙa, wadda ruwa ya rufe a da, yanzu ta fito fili. Injinki yana zuƙo ninkin abin da muka lissafa."

"Motar gawayin fa, yallaɓai?"

"Ta lalace a hanya. Sai bayan hutun ƙarshen mako, in Allah ya yarda. Ki kashe injin."

"In na kashe, ɗakin mahaifina fa?"

Ya san zancen. Muddin injin yana aiki, yana janye tururin daga ƙarƙashin gidanmu. Da zarar ya tsaya, tururin zai nemi hanyarsa ta sama. Ɗakin Baba shi ne jingine da bangon gidan man, simintinsa kuma duk ya tsattsage.

"Ki fitar da shi," in ji Injiniya. "Ki mayar da shi bene. In inji a kashe yake, sama ba matsala. Amma ba za mu bar bututu yana fesa wa unguwa ɗanyen tururi ba. Ga ganga tana ɗumi, kin kuwa san gawayin nan in ya yi zafi da yawa wuta yake kamawa."

Ki fitar da shi. Magana mai sauƙi a bakin wanda bai san Baba ba.

Baba shi ne manajan gidan man nan tun ban san kaina ba har ranar da aka rufe shi. Kowace safiya shi da kansa yake zura sandar awo a bakin tanki, ya zaro, ya duba inda mai ya tsaya. Kusan kowane wata kuma sai a sami giɓi, abin da ke tanki bai kai abin da ya kamata ya rage ba. Baba ya yarda da sandarsa, ya yarda da tankinsa, to saura wa? Saura masu ba da mai a famfo. Haka ya riƙa korarsu ɗaya bayan ɗaya da sunan sata, wasu ma a gaban jama'a. A gida har alfahari yake yi cewa ba a cin amana a ƙarƙashinsa. Ranar da aka ɗago tankin da rami a gindinsa wanda yatsa zai shiga, ƙin zuwa ya yi ya gani. Ya ce masu tono ne suka huda shi da ƙarfen motarsu, kuma a kan wannan maganar ya kafe. Daga baya ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, ƙafa ɗaya ta daina bin umarni, ya tare a ɗakin ƙasa. Ya fi shekara bai taka matakalar bene ba.

Na same shi zaune a bakin gado, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, butar shayi a kan ɗan murhunsa na gas. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani a hankali, ina zaɓen kalmomi.

"Auta," ya ce, "injin nan naku tun da aka kafa shi bai bar ni na yi barcin kirki ba. Ki kashe shi, kin taimake ni."

"Baba, in na kashe, tururin ɗakin nan zai shigo. Kwana biyu kawai za ka yi a sama."

"Tururin me?"

"Na man da ya zuba."

"Wane man ya zuba?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara nawa ina auna tankin nan? Ke a lokacin ko tafiya ba ki fara ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kamfaninku aikin yi yake nema, ya samu, Allah ya sa albarka. Amma ni ba za a ɗauke ni kamar buhu a kai ni sama ba saboda warin da na'ura kaɗai ke ji."

Na tuna masa ƙirjinsa, na ce likita ko hayaƙin girki ya hana shi shaƙa. Na ce in tururin ya taru, ashana ɗaya ta isa. Sai ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

Gaba kura, baya sayaki. Na bar shi na hau sama da gudu, na'urar a hannuna.

Matar yayana tana zaune ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, jaririn a cinyarta. Yayana direban babbar mota ne, yana can wata uwa duniya, wayarsa ma ba ta shiga.

"Tun jiya da yamma kaina ke sarawa," in ji ta. "Na ɗauka rashin barci ne. Shi ma wannan mutumin ya ƙi kama nono sosai, sai mita."

Tun jiya da yamma. Wato bayan awona na ƙarshe abin ya ɓalle, duk daren nan tagarsu a buɗe saboda zafi. Na kai na'urar bakin taga, ta nuna mini abin da ba na so in gani. Na rufe tagar, na sa sakata.

"Auta, lafiya? Fuskarki ba ta yi mini ba."

"Ɗauke shi ku koma ɗakin baya, ki buɗe tagar can. Zan yi miki bayani."

Ban sake tsayawa shawara da kowa ba. Na sauka, na shiga shinge, na danna jan maɓalli, na bi bututan na rurrufe bakinsu. Ƙarar injin ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Wata da watanni ina jin haushin ƙarar nan, amma da ta tsaya sai shirun ya fi ba ni tsoro. Jaririn dai na raba shi da tururi. Yanzu saura Baba.

Na koma ɗakinsa na wangale ƙofa da taga. Na ɗauke murhun da kwalin ashana na kai tsakar gida.

"Har da shayina?"

"Har da shi, Baba. Kuma don Allah kada a taɓa makunnin fitila."

"Ikon Allah. Na haifi hukuma a gidana."

Na jiƙa tsummoki na bi tsagogin simintin ina cusawa, har ƙarƙashin gado na shiga da rarrafe. Na san ba maganin abin ba ne, jinkiri kawai nake saya. Sannan na zauna a ƙasa kusa da bango, na ajiye na'urar a gabana. Shi yana sauraron rediyo, ni ina kallon lamba.

Da farko ba ta motsa ba, har na fara yi wa kaina fatan ko na cika tsoro ne. Da rana ta take sai iska ta tsaya cak, labulen taga ko motsi ba ya yi, lambar ta fara rarrafe. Ta hau, ta tsaya, ta sake hawa. Bakina ya yi ɗaci, bayan idona ya fara nauyi. Baba ya yi tari ya mayar da shi gyaran murya. Jim kaɗan ya sake yi, wannan karon bai ɓoyu ba. Ina kallon ƙirjinsa yana ɗagawa da sauri fiye da yadda na saba gani.

"To ko ƙofar gida in sa maka kujera?"

"In zauna a titi kamar wanda aka kora daga gidan haya? Unguwa ta taru tana kallona?"

"Baba, don girman Allah."

"Ke ki fita mana in warin ya dame ki. Ni a nan uwarku ta bar ni, a nan za a same ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa. Na ga cewa ko ya yarda ma, ni kaɗai ba zan iya hawa da shi ba, Baba ba ƙaramin mutum ba ne, mai jego kuwa ba a maganarta. Na tashi na fita neman namiji mai ƙarfi, in ya so a yi wadda za a yi.

Layin kamar an share. Ranar hutu ce, ga zafi, tela ya rufe, mai walda ya rufe, mai shagon kusurwa kuwa ya girmi Baba. Mutum ɗaya kaɗai na hango a ƙarƙashin rumfar kwano a tsallaken titi, kuma shi ne wanda ban so ya zama shi ba.

Mai Faci yana cikin waɗanda Baba ya kora. Sauran sun watse, shi kuwa bai bar layin ba, ya kafa rumfar facin taya daidai gaban gidan man. Shekara da shekaru Baba yana wucewa ta gabansa yana kau da kai. Ina ƙarama, lokacin yana kan famfo, shi ke ɗaga ni sama in ga yadda lambobin famfo ke juyawa. Tun da aka kore shi gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma daga nesa.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Yawwa, 'yar Manaja. Na ji injinku ya yi shiru."

Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba. Yana tsugune gaban bahon ruwa, ya danna tayar keke a ciki yana juya ta a hankali yana neman inda kumfa za ta fito. Bai ɗago ba.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a. In ya san na zo ma, faɗa zai yi."

"To."

"Na san ba ni da bakin roƙonka, Kawu."

Ya ci gaba da juya tayar. Kumfa ta fito, ya sa yatsa a wurin, ya ciro tayar ya yi mata alama da alli. Ni kuwa ina tsaye, kunnena yana can ɗakin Baba, ina jin kamar ana ƙirga mini numfashinsa. Har na juya zan tafi sai na ga ya jawo sabulu. Ya wanke hannuwansa har gwiwar hannu, ya sake wankewa, ya goge a jikin wandonsa, sannan ya miƙe ya riga ni tsallaka titi.

Ya yi sallama a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba. Baba ya ɗago kai, fuskarsa ta canza.

"Wa ya kira wannan?"

"Ni ce, Baba."

"A gidana?"

Mai Faci ya ja iska ta hanci ya yamutsa fuska. "Manaja, ɗakin nan warin bakin tanki yake yi."

"Kai ne za ka gaya mini warin tanki? Kai da..."

Tari ya sarƙe shi. Ya yi ta yi har idanunsa suka kawo ruwa, ina bubbuga masa baya, ina jin ƙasusuwansa a tafin hannuna. Da ya lafa sai ya zauna yana haki, ya daɗe yana kallon na'urar da ke ƙasa tana ƙyafta jar fitilarta. Sai ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Ba ni abin nan. Yaya ake karanta shi?"

Na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya miƙa na'urar wajen taga, ya jira. Lambar ta sauka. Ya sunkuya da ƙyar ya kai ta gindin bango, ya ce in cire tsumman da ke wurin. Na cire. Lambar ta yi tsalle, na'urar ta fasa ƙara. Ya mayar da ita taga, ya jira ta huce, ya sake kai ta ƙasa. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, ba gaggawa, yana motsa leɓe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana awo ba zai karɓi awon wani ba sai nasa.

Ya ajiye na'urar a kan gado, ya kashe rediyo.

"Ranar da suka tono tankin, babu mai a cikinsa," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Ni na sa aka kwashe shi tas kafin a rufe. Ni na auna." Ya dubi tsagar simintin. "To wannan daga ina?"

Ya riga ya amsa wa kansa.

"Tun yaushe, Auta?"

Na so in ce ban sani ba. "Sun ce daga nisan da man ya yi a cikin ƙasa, ba zai gaza shekara ashirin ba."

Baba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Na taɓa ganin sa cikin ciwo, na gan shi ranar da muka rasa mahaifiyarmu, amma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai na ji tausayinsa ya rufe ni har na manta ina fushi da shi. Na'urar tana ta ƙara a kan gado, ba wanda ya kula ta.

Mai Faci ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa ya shigo. Ya zo gaban gadon ya juya baya ya tsuguna.

"Bismilla, Manaja."

Baba bai ce a'a ba. Na ɗaga hannunsa mara ƙarfi na ɗora a kafaɗar Mai Faci, shi kuma ya ɗora ɗayan da kansa. Mai Faci ya yi nishi ya miƙe da shi. Matakalarmu matsattsiya ce, don haka na bi su a baya ina tallafe da ƙafar da ba ta motsi kada ta bugi bango. Daga sama na ji matar yayana tana jan katifa tana gyara wuri.

Mun yi 'yan taki kaɗan sai na ji muryar Baba, can ƙasa, a bayan wuyan Mai Faci, yana tambayar waɗanda ya kora.

"Dogo yana ina yanzu?"

"Yana tura baro a babbar kasuwa, Manaja. Muna haɗuwa jefi-jefi."

Muka ƙara hawa. Mai Faci ya tsaya ya gyara goyonsa.

"Ɗan farin nan fa, mai ɗingishi?"

"Ya bar gari tun a lokacin. Matarsa ma ba ta bi shi ba."

"Na famfo na biyu fa? Mai yawan dariya. Wanda ya rantse mini har da kuka."

Mai Faci ya ƙara hawa taki ɗaya. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙarfi a matsattsen wurin.

"Ya rasu, Manaja. Bara waccan."

Sai na ga hannun Baba ya saki kafaɗarsa, jikinsa ya yi baya, nauyinsa duka ya taho kaina. Na tokare shi da ƙirjina ina kiran sunan Allah. Mai Faci ya sunkuya gaba da sauri, ya kamo hannun ya mayar wuyansa ya danne da nasa.

"Riƙe ni da kyau, Manaja," in ji shi. "Ba mu kai ba tukuna."